Shingen da Ake Tsallakewa

Duk lokacin da manhaja ta kira wani aiki, akan ware wa aikin wuri a sitak, wato yankin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake jera bayanai a cikinsa kamar tulin kwanuka. Kwamfaila, mai fassara rubutun injiniya zuwa harshen inji, ita ke lissafa girman wurin. Umarni ɗaya take rubutawa, wanda ke matsar da manunin sitak ƙasa, ko baiti 16 ake nema ko miliyan 8. A nan gizo ke saƙa.

Sitak yana da iyaka. A Linux yawanci megabait 8 ne, a Windows kuwa megabait 1. A ƙarshensa akwai shafin gadi, mai girman kilobait 4 a al'adance, wanda da zarar an taɓa shi tsarin zai lura an kai gaɓa. Amma gadin yana aiki ne kawai idan an taka shi. Aikin da ya nemi wuri mai girman gaske yana iya tsallake shi da tsalle ɗaya, ya faɗa gonar wasu bayanai, ya yi rubutu a kansu ba wanda ya sani.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Yunin 2017 kamfanin Qualys ya nuna yadda maharin zai bi ta wannan tsagar ya ƙwace ikon na'ura, a raunin da ya kira Stack Clash. Maganin kuwa ba sabo ba ne. Kwamfailar Microsoft ta daɗe tana taɓa shafi bayan shafi idan wurin ya wuce kilobait 4, don kada a haure gadi. GCC 8 ta kawo irin wannan kariya a 2018, Clang 11 ta biyo baya a 2020.

Masu ƙorafi na cewa taɓa kowane shafi yana rage sauri. Hakane, amma ɗan kaɗan ne, kuma ƙananan ayyuka, waɗanda su ne mafi rinjaye, kusan ba sa biyan komai. Saboda haka bai kamata kariyar ta zama zaɓin da sai an tuna a kunna ba. Wanda ke son kashe ta shi ya cancanci kawo hujja.

Duk da haka, taɓa shafuka ba ya ƙara wa sitak faɗi, yana dai sa manhaja ta tsaya cak maimakon ta yi ɓarna a ɓoye. Babban kaya wurinsa hip, inda ake roƙon wuri kuma ake iya cewa babu. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin yana hannun mai rubuta manhaja.