Yara masu ciwon suga: Darasin fiza ga masu cin masa da taliya a Bunkure

Duk ranar 14 ga Nuwamba, idan duniya ta yi bikin Ranar Ciwon Suga, jawaban da ake yi a Kano kusan duk kan manya suke ƙarewa: a rage ƙiba, a rage lemon kwalba, a riƙa motsa jiki. Ba kasafai ake tuna yaran da ke fama da nau'in farko na cutar ba, waɗanda jikinsu ya daina samar da sinadarin insulin gaba ɗaya, don haka rayuwarsu ta rataya a kan allura kullum.

Ga iyayen irin waɗannan yara a Bunkure da Kura da Garun Malam, akwai wata matsala da likitocin Turai da Amurka suka daɗe suna nazari a kanta da sunan fiza, abincin nan na Italiya da ake gasawa da fulawa da cuku da nama. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan manomin shinkafa da fiza. Amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Abin da binciken ya gano

A shekarar 1993, masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan masu nau'in farko na ciwon suga. Sun lura cewa bayan cin fiza, sugan jini ya ci gaba da hawa sa'o'i masu yawa, a lokacin da ya kamata a ce ya sauka.

Dalilin kuwa shi ne maiƙo. Idan abinci mai sitaci ya haɗu da mai da yawa, ciki yakan yi nawa wajen tura shi zuwa hanji. Allurar insulin mai saurin aiki da aka yi kafin cin abinci takan kai ƙarfinta cikin sa'a ɗaya zuwa biyu, alhali abincin bai gama shiga jini ba, sai suga ya iya faɗuwa. Can bayan sa'o'i uku zuwa shida, ko fiye, lokacin da ƙarfin allurar ya ja baya, sai sugan ya taso. Bugu da ƙari, maiƙo kan rage wa jiki jin insulin na ɗan lokaci, nama da ƙwai da yawa kuma sukan ƙara tsawaita hawan.

Fizar Bunkure

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, yankin Kura da Bunkure ya zama cibiyar noman rani ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da alkama da masara da tumatir sun wadata, injinan casar shinkafa suka cika Kura, cimar gidaje ma ta sauya. Farar shinkafa ta karɓe wurin da tuwon dawa da gero suka saba riƙewa a gidaje da dama.

Idan aka duba abin da yaro ke so, za a ga irin haɗin nan ne na sitaci da maiƙo: masa da aka toya da mai, fanke, ƙosai, garau-garau da mai da yaji, taliya da manja, gurasa da ƙuli da man gyaɗa, sai indomi da ƙwai a wajen mai shayi. Kowanne da gwargwadon mansa, amma hanyar da jiki ke bi da su ɗaya ce.

A ɗauki misalin yaro ɗan shekara goma da ya ci indomi da ƙwai biyu bayan sallar isha'i. Mahaifiyarsa ta gwada jininsa kafin ya kwanta, ta ga lafiya lau. Tsakar dare ya tashi da ƙishirwa da fitsari, da asuba kuma na'ura ta nuna suga ya yi sama. Abu na farko da za a zarga shi ne yaron ya saci alewa, ko kuma allurar ta lalace. Sau da yawa ba ko ɗaya daga ciki, abincin daren ne ya iso a makare.

Inda bambancin yake

A ƙasashen da suka ci gaba, yaro kan ɗaura na'urar da ke auna suga dare da rana, da wata da ke zuba insulin kaɗan-kaɗan, wadda ake iya saita ta ta raba maganin gida biyu. A nan kuwa, yara da yawa suna kan insulin gauraye, mai kashi 70 da 30, sau biyu a rana. Irin wannan ba ya ba da damar ƙari ko ragi gwargwadon kwanon da aka ci, abinci ne ke bin allura.

Ga kuma tsada. Insulin da tsinken gwaji daga waje ake shigo da su, don haka sakin darajar Naira a watan Yunin 2023 ya taɓa farashinsu kai-tsaye. A ƙarshen wannan shekarar kamfanin Sanofi, ɗaya daga cikin manyan masu yin insulin a duniya, ya sanar da miƙa rarraba magungunansa a Najeriya ga wani dillali. Iyalin da ke lissafin tsinken gwaji ɗaya bayan ɗaya ba zai yi saurin ɓata guda a tsakar dare ba, alhali a lokacin ne matsalar ke bayyana.

Ajiya ma wani aiki ne. Insulin na son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, zafin bazarar Kano kuwa yakan haura 40. Inda babu wuta, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafin da ke kashe ƙarfin maganin.

Abin da iyaye za su iya yi

Ƙwararru ba su ce a haramta wa yaro masa ko ƙosai ba, domin yaro mai girma yana buƙatar abinci, tsananin hani kuma shi ke koya masa ci a ɓoye. Abin da ya fi shi ne a mayar da abinci mai maiƙo zuwa rana, lokacin da ido ke kansa, a rage yawansa, a haɗa da zogale ko latas ko kabeji, waɗanda fadamar yankin ba ta rasa su.

Ranar da aka ci irin wannan da dare, a gwada jini bayan sa'o'i biyu, a sake bayan huɗu zuwa shida. Ma'aunin da ake nema galibi shi ne tsakanin 70 da 180 a na'urar da ke ƙirga mg/dL, wato 3.9 zuwa 10 a mai ƙirga mmol/L. Idan ya gaza 70, ko yaro ya fara rawar jiki da gumi, a ba shi ruwan sukari nan take, a sake gwadawa bayan minti 15. A rubuta abin da ya ci da abin da na'ura ta nuna, a kai wa likita, domin shi kaɗai ne zai sauya yawan allura ko lokacinta. Amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi tare da suga mai yawa alama ce ta haɗari, asibiti za a nufa ba kantin magani ba.

Nauyin da ke kan hukuma

Ƙwararrun likitocin wannan fanni suna cikin birni, musamman a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa can daga ƙauyukan Bunkure kuɗin mota ne da asarar yini guda a gona. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusu domin marasa ƙarfi, Jihar Kano kuma tana da hukumarta ta KSCHMA. Tambayar da ya kamata wakilan yankin su yi ita ce ko insulin da tsinken gwajin yara suna isa Babban Asibitin Kura da cibiyoyin lafiya na matakin farko, kuma ko ma'aikatan wurin sun samu horon bayyana wa uwa dalilin da sugan ɗanta ke tashi da asuba.

A watan Janairun 1922 aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, ya kuma rayu. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, abin da yaron Bunkure ke jira bai wuce maganin ya iso shi da sanyinsa ba, da tsinken gwaji isasshe, da wanda zai koya wa iyayensa amfani da su.