Jerin Ɓarakar Manhajoji a Buɗe Yake, Amma Wa Ke Karanta Mana Shi?

A ƙarshen daminar bana na je Gwarzo gaisuwar rasuwa, sai buƙatar buga wata takarda ta kai ni wani shagon kwamfuta. Mutum uku na tarar a gabana. Wata uwa ta kawo takardar NIN ta ɗanta a kwafa mata, wani matashi yana cike fom ɗin neman aiki, wani dattijo kuma ya miƙa wayarsa a jona da kwamfuta a ciro masa hotuna. Da layi ya zo kaina na leƙa allon, sai na ga Windows 7 ce ke aiki.

Na ce wa yaron shagon, "Ƙanena, yaushe rabon da a sabunta wannan?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai lafiyarta ƙalau. Sabuntawa data take ci, kuma da an yi sai injin ya yi nauyi."

Ban ga laifinsa ba, domin lissafinsa na mai neman abinci ne. Sai dai kamfanin Microsoft ya daina aiko wa gama-garin masu Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020. Ɓarakar da aka gano a cikinta bayan wannan rana tana nan ba a toshe ba, kuma da yawa daga ciki an rubuta ta, an ba ta lamba, an ajiye a inda kowa zai karanta kyauta. Masu kutse suna karantawa. Mu da hotunanmu da lambobinmu ke kwana a cikin irin wannan kwamfuta, ba mu da mai karanta mana. Ra'ayina shi ne tattara waɗannan bayanai da daidaita su da kayan da muke amfani da su aiki ne na kare jama'a, kuma ba shi da tsadar da za ta hana a fara shi daga Gwarzo da Kabo.

Yadda ake yi wa ɓaraka rajista

Manhaja rubutun ɗan Adam ce, kuma duk inda aka yi rubutu mai tsawo sai an sami kuskure. Wani kuskuren ba ya wuce ya daskarar da allo. Wani kuma yana ba baƙo damar shiga na'ura ya karanta abin da ke ciki, ko ya ba ta umarni daga nesa. Wannan na biyun shi nake kira ɓaraka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin kutsen da ake jin labarinsa ta irin wannan tsaga yake bi, ko kuma ta yaudarar mai na'urar.

Kafin 1999 kowane kamfanin tsaro da sunan da yake kiran ɓaraka guda, har ya zama masana biyu na iya yin gardama a kan abu ɗaya ba su sani ba. A wannan shekara cibiyar MITRE ta Amurka ta kafa tsarin CVE, inda kowace ɓaraka ke samun lamba ɗaya tak a duk duniya, mai ɗauke da shekara da jerin alƙaluma. A yau ɗaruruwan kamfanoni da hukumomi, irin su Microsoft da Google da Apple, suna da izinin raba waɗannan lambobi. A 2005 hukumar NIST ta buɗe rumbun NVD, wanda ke ɗaukar lamba ya ƙara mata bayani: wace manhaja ta shafa, wane zubi nata, kuma yaya tsananinta a ma'aunin CVSS, wanda ke tashi daga 0 zuwa 10.

Duk wannan a fili yake. Jerin CVE yana kan GitHub, kowa na iya sauke shi baki ɗaya. NVD tana da ƙofar da ƙaramar manhaja za ta riƙa ɗebo sababbin bayanai da kanta kullum. Ɗalibin da ya iya ɗan rubutun Python zai iya haɗa wannan a cikin mako guda.

Ba taswira ake miƙa wa ɓarawo ba?

Wannan ita ce tambayar farko da mai hankali zai yi, kuma tana da nauyi. A al'adarmu rufin asiri abin yabo ne, kuma babu maigidan da zai so a yi shelar cewa katangarsa ta baya ta zube. Gaskiya ne kuma cewa da zarar an bayyana wata ɓaraka, masu kutse na rige-rigen amfani da ita kafin a toshe.

Amma ɓarawo ba ya jiran shela. Mai neman ɓaraka sana'arsa ke nan, yana da lokaci, kuma akwai kasuwar da ake saye da sayar da irin wannan sani a ɓoye. Idan aka rufe maganar, wanda aka bari a duhu shi ne mai gidan kawai. Saboda haka masana suka daidaita a kan wata hanya ta tsakiya: wanda ya gano ɓaraka ya fara sanar da kamfanin a asirce, ya ba shi wa'adi ya fitar da faci, sannan a bayyana. Masu bincike na Google, alal misali, kwana 90 suke bayarwa.

Manyan ɓarnar da aka gani ma sun nuna inda matsalar take. A watan Maris na 2017 Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Bayan wata biyu, ranar 12 ga Mayu, manhajar WannaCry mai kulle bayanai ta nemi kuɗin fansa ta bi ta wannan kafa ta bazu a ƙasashe fiye da 150. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya kimanin 19,000. A shekarar dai, an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147 daga kamfanin Equifax na Amurka, ta wata ɓaraka da facinta ya fito tun watanni biyu kafin a fara kutsen. A duka biyun sanarwa ta fita, magani yana nan, ba a sha ba ne. In ƙasashe masu ƙwararru da kuɗi sun yi irin wannan sakaci, to gemun ɗan'uwanmu ne ya kama da wuta.

Tarin bayani da sanin abin yi

A 2024 kaɗai an wallafa lambobin CVE fiye da 40,000, wato sama da 100 a kowace rana. Babu ma'aikacin da zai bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma babu buƙatar haka. Mafi yawansu ba a taɓa ganin an kai hari da su ba. Shi ya sa a watan Nuwamban 2021 hukumar CISA ta Amurka ta fara fitar da wani gajeren jeri mai suna KEV, wanda ba ya ɗaukar ɓaraka sai an tabbatar ana amfani da ita a hari na gaske. Cikin lambobi fiye da 200,000 da aka tara tun 1999, waɗanda suka shiga wannan jeri dubu ɗaya da 'yan ɗaruruwa ne. A nan aikin mai bincike yake: ya tace tulin, ya ware abin da ke ci yanzu daga abin da zai iya jira.

Ko bayan tacewar, rabin aiki aka yi. Idan NAFDAC ta yi sanarwa cewa wani rukunin magani mai lamba kaza gurɓatacce ne, sanarwar ba za ta amfani mai kemis a Getso ba sai da sharaɗi biyu: ta isa kunnensa, kuma ya san abin da ke kan kantarsa. Haka jerin ɓaraka yake. Wanda bai san wace manhaja ce a kwamfutocin ofishinsa ba, da zubinta, da wace na'ura ce ke rarraba masa intanet, ko an karanta masa jerin duka ba zai gane nasa ba. Lamarin Log4Shell na Disambar 2021 ya koya wa duniya wannan darasi. Ɓarakar ta sami maki 10 cif, tana kuma cikin wani ɗan guntun manhaja da aka cusa a cikin dubban wasu manhajoji, har manyan kamfanoni suka shafe makonni suna binciken ko suna da shi.

Wannan rabin na biyu babu wanda zai yi mana shi daga Amurka. Ma'aikacin NIST bai san irin wayoyin da masu POS ke riƙewa a Garo ba, bai san tsofaffin kwamfutocin da ake sauke wa daga Turai a sayar a Kano ba, bai kuma san yawan waɗanda ke aiki da Windows ta bayan fage da ba ta karɓar faci ba. Ga shi kuma Windows 10 ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali da yawa daga cikin tsofaffin injinan nan ba za su ɗauki Windows 11 ba.

Zanen aro

Akwai wani dalili kuma. A watan Fabrairun 2024 aikin NVD ya yi tsaiko, dubban lambobi suka taru ba a yi musu bayani ba. A tsakiyar Afrilun 2025 MITRE ta yi gargaɗin cewa kwangilar da gwamnatin Amurka ke biyan tsarin CVE da ita za ta ƙare ranar 16 ga watan, sai a sa'o'in ƙarshe aka tsawaita ta da wata 11. A watan Mayu Tarayyar Turai ta buɗe nata rumbun, EUVD. Sin kuwa ta daɗe da nata, kuma tun 2021 dokarta ta wajabta wa kamfanoni su sanar da gwamnati ɓaraka cikin kwana biyu. Zanen aro ba ya rufe katara. Nijeriya ba ta buƙatar ƙirƙiro sababbin lambobi, amma ya kamata ta riƙe kwafinta, da mutanenta da suka iya sarrafa shi.

Ba a ce babu komai ba. Akwai ngCERT a ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, NITDA da NCC kuma kowace tana da sashen da ke fitar da gargaɗi. Sai dai gargaɗin da Turanci yake fita, a shafukan intanet, cikin harshen ƙwararru. Tsakanin Abuja da shagon da na shiga akwai tazarar da ba a auna ta da kilomita.

Abin da za a iya yi daga nan

Kabo tana da makarantar kimiyya da fasaha ta gwamnatin tarayya, sabon mazaunin Jami'ar Bayero kuma a kan hanyar Gwarzo yake. Malami ɗaya da ɗalibai biyar sun isa su fara. Su kafa manhajar da za ta riƙa ɗebo CVE da KEV kullum. Su zagaya ƙananan hukumomin biyu, da izinin masu wurin, su rubuta irin kayan da ake aiki da su a sakatariya da asibitoci da makarantu da shagunan kwamfuta. Su haɗa jerin biyu, su fitar da abu biyar kacal a mako, da Hausa, ta rediyo da WhatsApp: ga na'urar da abin ya shafa, ga haɗarin, ga abin yi. Kano ta san irin wannan tsari, domin da shi aka yaƙi shan inna: rahoto yana tashi daga unguwa, sanarwa tana saukowa, har aka ayyana kawar da cutar ta asali daga Afirka a watan Agustan 2020.

Aikin yana da iyakoki biyu da dole a kiyaye. Na farko, ƙidayar kayan ita ce taswirar gaske, domin ita ke nuna wane ofis ne ke da wace tsaga. Jerin duniya na kowa ne, wannan kuwa amana ce, kuma duk bayanan mutane da aka ci karo da su Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kansu. Na biyu, karanta jeri daban, taɓa ƙofar wani daban. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma ɗalibi mai zumuɗi na iya jefa kansa cikin shari'a da kyakkyawar niyya. Don haka ya kamata kowace hukuma ta bayyana adireshin da za a kai mata rahoton ɓaraka, tare da alkawarin cewa wanda ya kawo da gaskiya ba za a kira masa 'yan sanda ba.

Na san sani kaɗai ba ya sayen data, ba ya kawo wutar lantarki, ba ya maye tsohon inji da sabo. Amma yana ba mutum zaɓi. Da yaron shagon nan ya san abin da ke rubuce a kan Windows 7, zai iya cire wannan kwamfutar daga intanet ya bar ta ga bugu kawai, ko ya sa mata Linux wadda kyauta ce, ko aƙalla ya riƙa goge takardun mutane kowace yamma. Babu ɗaya daga cikin ukun da zai ci masa kuɗin kirki.

Kafin ka rufe wannan wasiƙa, mai karatu, shiga saitin wayarka ka nemi inda aka rubuta ranar gyaran tsaro na ƙarshe. In ka ga ta haura shekara, to abin da aka gano a tsakanin nan yana cikin jerin, kuma akwai waɗanda suka riga ka karanta shi.