Mudun Da Ba A Gani: Wata Rigimar Data A Mpape

A makon jiya wata hidima ta kai ni Mpape, garin nan na kan tudu da ke bayan Maitama, inda ake fasa dutsen da ake gine-ginen Abuja da shi. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun shekarar 2025, talaka ya shiga neman inda zai sami sauƙi. Ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne waifai na unguwa: mutum ya jawo intanet zuwa shagonsa, ya kafa na'ura bisa rufi, ya riƙa sayar da tikiti mai lamba ga maƙwabta.

A shagon wani saurayi mai cajin waya na tarar da hayaniya. Wani dattijo direban tifa ya sayi tikitin giga 5, amma bai wuce giga ɗaya ba sai aka rufe masa ƙofa. Mutum uku suka ce su ma haka aka yi musu. Saurayin yana ta rantsuwa yana cewa, "Baba, ka yi haƙuri, wallahi biyar na rubuta maka." Dattijon ya ce, "Yaro, in biyar ka rubuta, wa ya cinye huɗun?" Tambayar tana kan hanya, kuma yaron ba shi da amsa. A unguwa irin wannan, da zarar an ce mudunka ƙarami ne, to, kasuwarka ta tashi.

Da kura ta lafa sai na kira wani abokina da ya san aikin, muka zauna da yaron muka buɗe kwamfutarsa. Ga abin da na fahimta, kuma ina ganin zai amfani masu wannan sana'a a ko'ina suke.

Ma'aikata biyu ne ke tafiyar da irin wannan ciniki. Na farko shi ne na'urar da ke rarraba intanet, wadda ke matsayin mai gadi. Ta yaron nan ƙirar MikroTik ce, wani kamfani na ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996. Na biyu kuwa kwamfuta ce mai matsayin akawu, ita ke riƙe da littafi. In ka shigar da lambar tikiti, mai gadi ya tambayi akawu ko an san ka, akawu ya ce a bar ka ka shiga, ya kuma faɗi iyakar abin da za ka sha. Harshen da suke magana da shi ana kiransa RADIUS. Kamfanin Livingston na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1991, zamanin da ake shiga intanet ta wayar tarho, lokacin da babu wanda ya yi mafarkin direban tifa zai kalli fim a tafin hannunsa.

A nan gizo yake saƙa. Gurbin da aka tanada don rubuta yawan data ba ya ɗaukar lamba fiye da 4,294,967,295, watau giga huɗu ba ɗigo ɗaya. In lissafi ya wuce nan sai ya koma sifiri, tamkar mitar tsohuwar mota da ta cika ta sake farawa. Yaron ya cusa giga biyar a gurbi guda, huɗu suka zube, ɗaya ya rage, mai gadi kuwa ya bi abin da ya ji. Masana sun daɗe da ganin wannan rami. A shekarar 2000 aka ƙara gurbi na biyu mai suna Gigawords, wanda aikinsa shi ne ƙidaya sau nawa mitar ta cika ta juya. Abin da ya kamata a rubuta shi ne ɗaya a wannan gurbi, sauran giga ɗayan kuma a gurbin farko. Ba wanda ya taɓa gaya wa yaron haka. Wanda ya haɗa masa kayan ya karɓi kuɗinsa ya tafi tun bara.

Abin mamaki, ramin nan yana cin mai shago kamar yadda yake cin mai saye. Akawun yaron yana tara lissafi daga gurbin farko kaɗai, saboda haka wanda ya sha giga huɗu da rabi a zama ɗaya, rabi kawai ake rubuta masa. Da muka duba littafin sai fuskar yaron ta canza, domin ya gane dalilin da ya sa kuɗin da yake biya a wata ba ya dawowa.

Sai kuma maganar wuta, wadda ba sai na yi wa ɗan Nijeriya bayaninta ba. In ba a umurce shi da wani abu dabam ba, mai gadi ba ya kai wa akawu rahoto sai lokacin da mutum ya shiga da lokacin da ya fita. In wuta ta ɗauke a tsakani, rahoton fita ba ya isa. Abin da aka sha ya ɓace daga littafi, akawu kuma ya ci gaba da zaton kana ciki, har ya hana ka shiga in ka dawo, wai wani na amfani da tikitinka. Maganinsa shi ne a sa mai gadi ya riƙa aika rahoto kowane minti biyar ko goma, a kuma sayi ɗan batir don na'urar. Agogo ma a duba shi: in an bar akawu a kan lokacin Girinwic, wanda Nijeriya ta riga shi da awa ɗaya, ranarsa ba ta juyawa sai ƙarfe ɗaya na dare.

Ban ce kowane mai waifai waliyyi ba ne, kuma wayoyinmu ma suna shan data a ɓoye wajen sabunta manhajoji da tura hotuna. Amma ra'ayina shi ne nauyin yana wuyan mai sayarwa. Mai awon hatsi a kasuwa yana awo ne a gaban idonka. Na'urorin nan suna da shafin da ke nuna wa mai tikiti abin da ya sha da abin da ya rage, sai dai ba a koya wa masu saye buɗe shi. Wanda ba zai iya nuna wannan shafi ba, bai kamata ya karɓi kuɗin mutane ba, haka nan wanda bai taɓa gwada babban tikiti da wayarsa har ƙarshe ba.

Kafin magariba abokina ya gyara guraben biyu. Yaron ya buga sababbin tikiti huɗu na giga 5, ya rufe shago, ya nufi garejin 'yan tifa neman dattijon. Na ji yana tambayar abokina a hanya yadda zai yi masa bayanin mitar da ke komawa sifiri, shi kuma ya ce masa ai direba ya fi kowa saninta.