Kai da ka zo jiya, wa zai ba ka makullin shago?

Rubutun nan zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. Na san kuma zai ɓata wa wasu rai, musamman 'yan uwana na sashen kimiyyar kwamfuta, amma gara a faɗa.

Shekaranjiya a guruf ɗinmu na ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, wani ƙanenmu ɗan aji biyu ya turo hoton allon kwamfutarsa yana ta huci. Wai ya tura gyara zuwa wata buɗaɗɗiyar manhaja a GitHub, ba a yi awa uku ba aka rufe masa, har aka liƙa masa tambarin shara. Hukuncin da ya yanke shi ne Turawan nan ba sa son baƙar fata. Kafin ka ce kwabo mutum goma sun biyo bayansa, wannan ya ce wariya ce, wancan ya ce ai dama haka suke. Na ce to bari in buɗe in ga gyaran da idona. Jama'a, fayil ɗin README ya shiga, wato takardar da ke bayanin manhajar, ya ƙara kalmar yabo guda ɗaya a gaban sunanta, ya sa alamar motsin rai biyu. Shi ke nan fa. Sannan a ƙasa ya roƙi masu manhajar su sa shi cikin waɗanda ke da izinin shigar da gyara kai tsaye, wai don yana da sha'awa sosai.

Ban kama sunansa ba kuma ba zan kama ba, don mu manyansa ne muka koya masa wannan ɗabi'ar.

Ga waɗanda ba 'yan kwamfuta ba: buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka baje rubutun da aka gina ta da shi a fili, kowa zai iya karantawa, ya kwafa, ya gyara. In ka ga matsala, sai ka rubuta gyaranka ka tura wa masu kula da ita. Wannan gyaran shi ne faci, kamar dai facin taya. Su ne za su duba, su karɓa ko su mayar maka. Ƙalilan ne ke da izinin sa hannu a cikin asalin rubutun ba tare da neman yardar kowa ba, izinin nan shi nake kira makulli. Shi ƙanen namu ya nema a ranarsa ta farko.

Ku je Computer Village a Ikeja ku tambayi duk wani mai shago, Bahaushe ko Bayarabe ko ɗan Ibo, yaushe ya fara bar wa yaronsa makulli. Sai yaro ya share shago ya gaji, an aike shi da kuɗi ya dawo da canji daidai, an ba shi wayar kwastoma ya buɗe ya mayar ba tare da ya ɓatar da noti ba. Wannan duk mun yarda da shi a kasuwa. Me ya sa da an zo intanet sai mu ga kamar sharaɗin ya faɗi?

Ni dai na san inda cutar ta samo asali a makarantun nan namu. Duk watan Oktoba sai ƙungiyoyin fasaha na ɗalibai su tara yara a aji, a haska majigi, a ce kowa ya buɗe GitHub, yau za mu zama masu ba da gudunmawa. A cikin awa biyu kowa ya tura faci, a ɗauki hoto, a watsa a LinkedIn. Bikin da ake yi dominsa, Hacktoberfest, kamfanin DigitalOcean ne ya fara shi a 2014 da kyakkyawar niyya: ka tura faci a watan, a aiko maka da riga kyauta. A 2020, lokacin da sharaɗin ya kasance faci huɗu, abin ya ɓaci. Mutane daga ko'ina a duniya suka yi ta tura shirme irin na ƙanenmu, a ƙara waƙafi a nan, a canza kalma a can, don kawai a cika huɗu. Masu kula da manhajoji suka yi ta kuka a fili, har dole a kwanakin farko na watan aka canza doka, aka ce sai manhajar da masu ita suka nemi shiga da kansu ne za a ƙirga facinta. Shekara nawa ke nan? Amma mu har yanzu darasin 2020 ɗin ake koyarwa, ɓangaren da ya lalace ɗin.

Abin da ba a gaya wa yaran nan shi ne, a bayan kowane faci akwai mutum da zai zauna ya karanta. Da yawansu ba biyansu ake yi ba. Mutum ya dawo daga aikinsa, ya kwantar da 'ya'yansa, ya buɗe kwamfuta don ya gyara matsalar da ke damun dubban mutane, sai ya tarar da shara talatin na jiransa. Ko rufewa kawai zai yi, lokacinsa ka ci. Yanzu kuma ga sabon salo, a sa ChatGPT ya rubuta faci ko rahoton matsala, a tura ba tare da an ko gwada ba. Daniel Stenberg, mai manhajar curl, ya sha fitowa yana kokawa da irin waɗannan rahotannin na bogi masu kama da gaskiya. Wallahi in aka tambaye ka me layi na bakwai na facinka yake yi ka kasa amsawa, ba facinka ba ne, kuma sun fi ka sanin haka.

Sai batun makulli. Duk wanda ke ganin rowa ce ake yi, ya je ya karanta labarin xz. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil, tana cikin kusan kowace kwamfuta mai Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya ɗau shekaru yana ɗawainiya da ita. Wajen 2021 wani mai amfani da sunan Jia Tan ya fara turo faci masu kyau, cikin ladabi. Can sai wasu sunaye suka ɓullo suna matsa wa Collin lamba, cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya ƙara mataimaki. A hankali Jia Tan ya samu makulli. A farkon 2024 ya dasa ƙofar ɓoye a cikin fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta bazu za ta ba shi damar kutsawa manyan kwamfutoci ta hanyar SSH. Allah ne ya kiyaye: wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi, ya tona asirin ranar 29 ga Maris 2024. Ku duba fa, wannan mutumin sai da ya yi dogon haƙuri yana aikin ƙwarai kafin a yarda da shi, kuma duk da haka macuci ne. To kai da ka zo jiya da alamar motsin rai biyu, me kake so su yi tunani?

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato sunan da muke ɓata wa junanmu. A Afrilun 2021 an gano wasu masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka sun tura wa Linux faci masu ɓoyayyen lahani da gangan, wai gwaji suke yi. Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da Linux, ya haramta karɓar faci daga jami'ar gaba ɗaya, aka koma aka sake bincikar tsofaffin facin da suka fito daga can. Sun ba da haƙuri daga baya, amma ɗalibin da bai san hawa ba bai san sauka ba ya riga ya kwana a ciki. Jami'ar Turawa ce fa, a ƙasarsu. Mu da dama sunan Najeriya a intanet yake da tabo, in mutum ɗari daga aji ɗaya suka zuba shara a rana ɗaya, wa kuke ganin zai biya? Yarinyar da za ta zo gobe da facin gaske ita za a kalla da wancan idon.

Ba na cewa babu wariya ko rashin mutunci a wannan duniyar. Akwai masu kula da manhaja masu baƙin hali, akwai wanda zai ga sunanka ya raina ka. Amma kada mu mayar da wannan bargon rufe lalaci. Segun Adebayo ɗan ƙasar nan ne, shi ya ƙirƙiro Chakra UI, kuma Turawan ne ke turo masa faci yana dubawa.

Yadda ake samun makullin ma ba asiri ba ne. A manhajojin gidauniyar Apache, kwamitin da ke kula da aikin ne ke zama su tattauna a kanka ba ka nan, su kaɗa ƙuri'a, sannan a aiko maka da gayyata. A Debian sai wani tsohon hannu da ya ga aikinka ya tsaya maka. A Linux kuwa sama da mutum dubu ke sa hannu a kowace fitowa, kusan dukansu ba su da makullin komai: ta imel suke tura faci wa mai kula da ɓangaren, shi ya wuce da shi sama har ya kai ga Linus Torvalds. Akwai waɗanda suka shekara goma a haka, kamfanoni na biyansu albashi mai tsoka, ba su taɓa neman wani makulli ba.

Ni ma na sha nawa wulaƙancin, in ma wulaƙanci ne. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas muna zaune a gida, na lura wata ƙaramar manhaja da ke mayar da kanun rubutu ya zama adireshin shafi tana haɗiye haruffanmu masu lanƙwasa. Ka rubuta ƙasa ta ba ka asa, ka rubuta ɗaki ta ba ka aki. Na yi facin layi huɗu na tura ina ta jin kaina. Mai kula da ita ya mayar mini: ina gwajin da zai nuna gyaran na aiki, kuma ina manyan haruffa, Ƙ da Ɗ da Ɓ? Na ji haushi, na gyara, na sake turawa. Sai ya jefo tambayar da ta kunyata ni, wai ya ga akwai harafin ƴ, me ya sa ban sa shi ba? Ni Bahaushe, sai da na je na bincika kafin na san cewa a Nijar da shi ake rubutu, mu a Najeriya muke sa 'y. Na ƙara. Daga nan shiru, sati biyar. Ga rashin wuta, ga kuɗin data, wani lokaci sai na je shagon caji kafin in duba ko ya amsa. Ranar da aka karɓa ba wanda ya yi mini tafi, kalmar godiya ɗaya ce da shigarwa. Har yau ba ni da makullin manhajar nan kuma ban nema ba. Amma sau biyu ke nan in wani ya kawo matsalar haruffan Afirka, sai mutumin ya ambaci sunana ya ce in duba.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin fasaha, da ku nake, har da abokaina a cikinku. Ku daina tara yara kuna ƙirga faci don ku samu hoton da za ku tura wa masu ɗaukar nauyi. In da gaske ne, ku zaunar da su su karanta fayil ɗin CONTRIBUTING na manhaja ɗaya, su kunna ta a kwamfutarsu, su ɗauki rahoton matsala guda su gwada ko za ta faru a wurinsu. Wannan kaɗai zai iya cin sati biyu, kuma ba ya yin kyau a hoto, na sani.

Kai kuma ƙanena, na turo maka saƙo ta bayan fage. Ka koma ka goge roƙon makullin nan, ka rubuta musu layi ɗaya na ban haƙuri. Ranar Asabar bayan la'asar ina harabar masallaci da kwamfutata, akwai wata manhajar da ke kasa jera sunaye masu Ɗ da Ƙ daidai, na fara dubawa ban gama ba. Ka zo da cajarka, soket ɗin wajen ɗaya ne ke aiki.