Aman Rana Ba Ya Bin Miƙaƙƙiyar Hanya

Ranar 7 ga Janairu, 2014, wani babban tabo da ke kusa da tsakiyar fuskar rana ya yi aman wuta, ya watso gajimaren iska mai ɗauke da lantarki wanda gudunsa ya haura kilomita 2,000 a daƙiƙa guda. Kuma da yake tabon yana fuskantar duniya sosai, sai masanan hukumar NOAA ta Amurka suka yi gargaɗin cewa guguwa mai ƙarfi tana tafe. Aka yi jira, abin da ya iso bai taka kara ya karya ba.

Da aka zurfafa bincike, sai ta bayyana cewa ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da tabon shi ne ya karkatar da aman tun bai yi nisa ba, kamar yadda mai lambu ke juya ruwa da fartanya zuwa wani fangali, har mafi yawansa ya bi ta gefe.

A nawa ra'ayi, wanda ya ɗora wa masu hasashe laifi bai yi musu adalci ba, domin kuwa tauraron ɗan Adam na SOHO da suke dogaro da shi, wanda aka harba a 1995, yana zaune ne tsakaninmu da rana, nisan kilomita miliyan 1.5 daga gare mu, alhali abin da ya nufo mutum gaba da gaba yana da wuyar a tantance saurinsa, balle karkatarsa. Bugu da ƙari, alƙiblar maganaɗisun da ke cikin gajimaren, wadda a kanta ne musiba take rataye (in ta kalli kudu, garkuwar maganaɗisun duniya takan buɗe), ba a saninta sai ya rage ƙasa da sa'a guda. Mutanen Kwibek ta Kanada, su kusan miliyan 6, sun ɗanɗana kuɗarsu a watan Maris na 1989, lokacin da lantarki ya yanke musu har sa'o'i 9 sakamakon irin wannan guguwar.

Saboda haka wajibi ne a kashe dukiya wajen kafa mai tsaro wanda zai leƙi al'amarin daga gefe. Daga cikin tagwayen taurarin STEREO masu leƙen rana daga gefe, da aka harba a 2006, ɗaya ya daina aiki tun 2014, ba a kuwa maye gurbinsa ba. Shi kuma tauraron Vigil na hukumar sararin samaniyar Turai, wanda zai yi wannan aikin, sai wajen 2031, in Allah Ya yarda, zai tashi.