Zauren Karatu: Kafin Ka Sayi Littafin Neman Arziki

Masu karatu da dama sun roƙe mu mu ambata musu littattafan da suka cancanci a karanta a kan sha'anin kuɗi da kasuwanci. Roƙon nan ya zo a kan kari. Duk wanda ya ratsa Sabon Tasha, ko tashar Television, ko kasuwar Litinin ta Kakuri, ya ga masu shimfiɗa littattafai a bakin hanya, kuma da yawa daga cikin littattafan alkawari ɗaya suke yi, wato ka saye ni ka yi arziki. Da alkawarin gaskiya ne, ai da mai shimfiɗar ne ya fara barin rana.

Tamu shawarar ita ce a fara da littattafan da suke bayyana halin ɗan Adam a gaban kuɗi, a bar masu koyar da dabarun tara dukiya sai daga baya. Gama yawancin kuɗin da ya salwanta a gidajenmu ba rashin iya lissafi ne ya cinye shi ba. Malamin lissafi ma an damfare shi. Abin da yake cin kuɗi shi ne gaggawa, da kunyar ƙin ɗan'uwa, da tsoron kada a bar mutum a baya.

Sai kuma mu tuna inda muke zaune. Unguwannin nan na kudancin kogin Kaduna albashi ne ya gina su. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, ta UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara a 1975, matatar mai kuwa a 1980. Iyayenmu suka baro Kagoro da Zonkwa da Kwoi da ƙasashen Filato da Binuwai, suka zauna a Kakuri da Makera da Nasarawa, suna jiran ƙarshen wata. Da KTL ta rufe a 2002, UNTL kuma a 2007, dubban magidanta suka wayi gari ba albashi, waɗansu ma suka yi shekara da shekaru suna bin kuɗin sallamarsu. Yanzu gidaje masu yawa da Keke Napep suke ci, ko ɗinki, ko sayar da hatsi da gawayi, ko rumfar POS. Kuɗi yau akwai, gobe babu. Saboda haka littafin da aka rubuta domin ma'aikacin Amurka mai tabbataccen albashi, sai an tankaɗe shi kafin a tuƙa.

Shi ya sa muka sa wani littafi da ba a cika ganinsa a bakin hanya ba a kan gaba. Sunansa Portfolios of the Poor, ya fito a 2009, mutum huɗu suka rubuta shi, cikinsu har da Daryl Collins da Stuart Rutherford. Abin da suka yi mai sauƙi ne amma mai wahala. Suka zaɓi gidajen talakawa wajen 250 a Bangaladash da Indiya da Afirka ta Kudu, suka riƙa ziyartar kowane gida bayan mako biyu biyu har shekara guda, suna rubuta duk kwabon da ya shiga da wanda ya fita. Suka tarar talaka ba ya cin abin da ya samu nan take kamar yadda ake zato. Yana adashi, yana ba amintacce ajiya, yana rance, yana ba da rance, duk a lokaci ɗaya. Damuwarsa uku ce: abin da yake samu kaɗan ne, ba ya zuwa a kan lokaci, hanyoyin ajiyarsa kuma ba su da tabbas. Uwargida mai zubi a adashi biyu, tana kuma ɓoye wani abu wurin ƙanwarta a Narayi don kada maigida ya gani, za ta ga kanta a cikin littafin nan, ta kuma gane ba wauta take yi ba. Akwai babi guda da ya taɓa jana'iza a Afirka ta Kudu, inda binne mutum ɗaya yakan cinye abin da gida ya samu na watanni. Mu da muke ɗaukar gawa daga Kaduna zuwa ƙauye, da hayar mota da rumfa da ciyar da jama'a, babu mai koya mana wannan. Abin da za mu koya shi ne yadda su can suke zuba kuɗi kaɗan kaɗan cikin ƙungiyoyin jana'iza tun kowa yana da rai.

Na biyu, wanda za mu daɗe a kansa, shi ne Influence na Robert Cialdini, tsohon malamin nazarin halayyar mutane a wata jami'a ta jihar Arizona a Amurka. Ya fito a 1984. Mutumin nan ya yi shekara uku yana shiga wuraren da ake horar da masu talla da masu sayar da motoci da masu neman gudummawa, ba tare da ya faɗi ko shi wane ne ba, don ya ga yadda ake sa mutum ya ce i. Ya fito da abubuwa shida. Wanda ya yi mana alheri muna jin nauyin rama masa. Abin da muka riga muka furta a gaban mutane muna jin kunyar janye shi. Abin da muka ga jama'a suna yi mukan ɗauka daidai ne. Mukan yarda da wanda muke ƙauna, mukan bi mai muƙami ko mai kwarjini, mukan kuma ruga ga abin da aka ce ya kusa ƙarewa. A bugun 2021 ya ƙara na bakwai, wato yarda da wanda muke gani namu ne, ɗan garinmu, ɗan yarenmu, ɗan ikilisiyarmu.

To, a ɗauki waɗannan a auna MMM da su. A 2016 aka ce kowa ya zuba kuɗi, za a mayar masa da ƙarin kashi 30 cikin 100 bayan wata guda. Ba a kira abin kasuwanci ba, aka kira shi taimakon juna. Waɗanda suka fara shiga an biya su da gaske, da kuɗin waɗanda suka biyo baya, suka fito suna ba da shaida. Wanda ya kawo sabon mutum ana ba shi lada, don haka ba baƙo ne yake zuwa maka da maganar ba, abokin aikinka ne, ko wadda kuke zama kujera ɗaya a zumuntar mata, kuma ita ma da zuciya ɗaya ta zo. Hukuma ta yi gargaɗi, aka ce hassada ce. Mai abin, Sergei Mavrodi, ya riga ya yi irin wannan a Rasha a 1994, har daga baya aka ɗaure shi, amma wa ya tsaya tambaya? A watan Disamba na 2016, ana shirin Kirsimeti, aka rufe asusun kowa. Hukumar NDIC ta faɗa a 2017 cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18.

Lissafin kuwa ɗan firamare zai iya shi. Naira 10,000 da take ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, in ba a taɓa ta ba, za ta zama wajen naira 233,000 a shekara guda, ta wuce miliyan 5 a shekara biyu. Wace gona ce take ba da wannan, wane shago? Duk da haka a watan Afrilu na 2025 wani mai suna CBEX, da ya yi alkawarin ninka kuɗin mutum cikin wajen wata guda, ya rufe da dukiyar jama'a. Sunan ya sake, wayar hannu ta ƙara wa abin sauri, amma igiyoyin da aka ja su ne dai waɗanda Cialdini ya lissafta shekara 41 kafin nan. Muna ganin ya kamata kowane dattijon ikilisiya da kowace shugabar zumunta su san abin da yake cikin littafin nan, gama sau da yawa sunansu ake ara a buɗe ƙofa.

Na uku yana da nauyi, ba kuwa za mu ɓoye muku ba. Thinking, Fast and Slow na Daniel Kahneman, wanda ya sami kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2002, ya rasu a 2024. Littafin ya fito a 2011, shafinsa ya kusa 500, Turancinsa kuma ba na gaggawa ba ne. Ya ce tunani iri biyu ne a kanmu, ɗaya mai sauri da yake yanke hukunci kafin mu ankara, ɗaya mai nawa da yake auna abu amma malalaci ne. Abu biyu daga ciki sun ishi kuɗin littafin. Na fari, zafin asara yakan kai wajen ninki biyu na daɗin riba mai yawa ɗaya da ita. Wannan ne yake sa mai shago ya rungume atamfar da aka daina yayi har ta koɗe, maimakon ya karyar da ita ya juya kuɗin. Na biyu, kusan kowa yakan rage kwanaki da kuɗin da aiki zai ci in yana shiri. A zaga Kamazo ko Gonin Gora a ƙirga gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta fito a ɗakin da aka yi niyyar ya zama falo. Maganin da Kahneman ya bayar shi ne kada ka tambayi zuciyarka, ka tambayi waɗanda suka gama irin ginin nawa ya ci musu.

Akwai guda biyu masu sauƙin karatu da ake samu ko'ina. The Richest Man in Babylon na George Clason, na 1926, tatsuniyoyi ne da suke koyar da mutum ya ware kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu kafin ya taɓa sauran. The Psychology of Money na Morgan Housel, na 2020, ya ba da labarin Ronald Read, mai shara kuma mai zuba man fetur a jihar Vermont, wanda ya rasu a 2014 ya bar wajen dala miliyan 8, don kawai ya yi shekaru da yawa yana sayen hannun jari ba ya taɓawa. Dukansu biyu suna da kyau ga saurayi ko budurwar da suka fara samun abin kansu. Amma fa a karanta da ido biyu. A 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta wuce kashi 30 cikin 100, wato kuɗin da aka kwantar a gwangwani yana narkewa ko ba a buɗe gwangwanin ba. Waɗanda kuma suka ci bashi suka sayi hannun jarin bankuna kafin faɗuwar kasuwar a 2008 suna nan da rai, a tambaye su. Ɗabi'ar warewa da haƙuri ita za a ɗauka. Inda za a sa abin da aka ware, ko buhun masara ne a kaka, ko akuya, ko fili mai takarda, wannan sai an duba ƙasarmu.

Shi kuwa Rich Dad Poor Dad, wanda ya fi kowanne cika shimfiɗa, ba mu hana kowa ba. Yana da magana ɗaya mai amfani, cewa a bambanta abin da yake kawo kuɗi da abin da yake cin kuɗi. Sauran yawanci zuga ne, yana kuma sa yaro ya raina albashin ubansa.

A kan dabarun kasuwanci, mun fi son mu tura ku gida. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna da Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafi a 1969 mai suna Custom and Politics in Urban Africa. Ya nuna yadda shanu suke gangarawa kudu, goro yana hawa arewa, dukiya mai yawa tana tafiya bisa bashi ba tare da takarda ko banki ba. Falke ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su sayar wa mahauta shanun a kan bashi, in mahauci ya ƙi biya kuwa maigida ne zai biya daga aljihunsa. Jarin maigida ke nan: sunansa, da sanin wane mahauci ne mai cika alkawari, wane ne ya riga ya ci bashi wurin mutum uku. Mai sayar da hatsi a Sabon Tasha da take ba masu abinci kaya sai yamma su biya, aikin nan take yi, littafin kuma zai nuna mata abin da ya sa ba a ba da bashi don tausayi kaɗai.

Wanda ba ya jin Turanci ba a bar shi a baya ba. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a Zariya a 1937, cike yake da mayaudara da masu kwaɗayi da waɗanda daɗin baki ya kai su ya baro. Wasan kwaikwayon Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu, labarin attajiri ne da son zuciya ya tsiyata. Littafin Misalai kuma, da yake cikin kowane gidanmu, sura 31 ne, ɗaya ga kowace rana ta wata. A karanta sura 6 da 11 da 22 a ga sau nawa aka ja kunnen mai tsaya wa wani lamuni, sa'an nan a tuna da takardun rancen da ake kawo mana mu sa hannu a matsayin masu tsayawa.

Littattafan Turancin nan suna da tsada, mun sani. Ƙungiyar matasa ko zumuntar mata za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, mai jin Turanci ya karanta babi guda ya bayyana da Hausa a taron mako, a yi muhawara a kai. Da na Cialdini muke so a fara. Na Cohen ba ya bakin hanya, sai a haye gada a tambaya a ɗakin karatu na Arewa House, ko a aiki ɗalibin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ya duba a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru.