Tsohon gini ba ya rayuwa sai da mutane a cikinsa

A watan Satumban 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa da ke tsaye tun ƙarni na 19. Wannan unguwa da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, amma suna a kan takarda bai hana katanga jiƙewa ba. Ginin tubali yana buƙatar yaɓe kafin damina da gyaran indararo, kuma mai kwana ko mai wuni a cikinsa ne kaɗai ke lura da tsagewa tun tana ƙarama.

Turawa sun sha wannan darasi. A birnin Dublin na ƙasar Ayalan, kamfanin lantarki na gwamnati ya rushe gidaje 16 na jan bulo, ginin zamanin sarakunan Joji, a titin Fitzwilliam a 1965 don ya gina hedikwatarsa. Har yau mutanen birnin suna cizon yatsa. Ire-iren gidajen da suka tsira, a can da dandalin Bedford na Landan, da yawa sun zama ofisoshi. Doka ta hana taɓa fuskarsu, kuɗin haya kuma na biyan gyara.

Ba sai an je Turai ba. A Kano, Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, yana ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, Gidan Makama kuma ya zama gidan tarihi. Aiki ne ya riƙe su.

Damargu na da damar bin wannan hanya. Tun da aka ware Belbeji daga Tanut ta zama gunduma, buƙatar ofisoshi ta ƙaru a Tarka da kewaye. Abin da aka saba shi ne ɗakin siminti da rufin kwano, wanda a watan Afrilu ma'aikaci ke gudunsa ya koma gindin bishiya. Soro mai kaurin bango da rufin azara yana riƙe sanyi ba tare da na'ura ba, a yankin da lantarki ke da wuya.

Masu suka za su ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, gyaransa kuma ba ya ƙarewa. Gaskiya ne. Sai dai kuɗin gyaran na shekara-shekara yana shiga aljihun maginan gari ne, ba na masu shigo da siminti ba.

Ya kamata magadan gari su fara da ƙirga tsofaffin gidajen da ke tsaye, su yi hayar masu kyau don ofisoshi. Matasan da ke aiko kuɗi daga Libiya da Aljeriya da Legas su ma su yi tunani kafin su ce a rushe zauren kakansu. A gyara shi, a ba da haya, ya ciyar da gidan.